Mai Horo Na Gaskiya Shi Ne Mai Cewa "Ya Isa"

Yawanci a watan Fabrairu ake yin gudun fanfalaki na Legas, kuma kafin magaribar ranar hotunansa sun iso teburin mai shayi a Ketare ta wayoyin samari. Za a ga wasu tsamurarrun mutanen Kenya da Habasha sun shigo a gaba, an rataya musu lambar yabo, an miƙa musu ƙaton cek. Tun da aka fara gasar a 2016 kusan haka abin yake tafiya, kuma a shekarar farkon nan dala 50,000 aka ba wanda ya zo na ɗaya. Ba a rasa wani ƙaƙƙarfa a majalisar da zai dire kofi ya ce: "Wannan ɗan firit ɗin? Ni da nake wuni a gona tun asuba, in dawo in ciccibi buhun masara ni kaɗai in aza a mota? A kai ni Legas kawai a sha kallo." A yi dariya, wasu su zuga shi, a koma hirar ƙwallo.

Maganar ƙarfinsa gaskiya ce. Duk wanda ya ga samarin Kankara da Faskari da Sabuwa lokacin noman farko, ko ranar lodin hatsi a kasuwa, ba zai yi musu ba. Abin da saurayin bai sani ba shi ne, a irin wannan gudu ƙarfin nan nasa ne zai fara kayar da shi, muddin bai sami wanda zai riƙa taka masa birki ba.

Tsawon gudun kilomita 42 ne da mita 195. Wanda ya taɓa zagaya filin tsere mai mita 400, to ya lissafa zagaye 105 da rabi ba tsayawa. A wasannin Olamfik na Landan a 1908 aka fara yin wannan tsawon daidai, daga fadar Windsor zuwa cikin filin wasa, sai a 1921 aka tsayar da shi ya zama ma'aunin duniya. A ranar nan ta 1908 wani ɗan Italiya, Dorando Pietri, shi ya riga kowa shiga filin, amma ya shigo ba ya cikin hayyacinsa. Ya nufi hannun da ba shi ba, aka juyo da shi. Ya faɗi, aka tashe shi, ya sake faɗuwa, har sai da jami'an gasar suka tallafe shi ya tsallake layi. Saboda tallafin nan aka soke nasararsa aka ba Ba'amurke Johnny Hayes. Mutum ya cinye kusan kilomita 42, 'yan mitocin ƙarshe suka gagare shi.

Dalilin yana cikin halittar jiki. Tuwo da shinkafa da dankalin da muke ci, jiki yakan mayar da wani kaso nasu wani irin sukari ya adana a tsoka da hanta. Ajiyar ba ta da yawa. Ga mai gudu takan ƙare wajen kilomita 30 zuwa 35, kuma gwargwadon saurin da ya fara da shi, gwargwadon saurin ƙarewarta. Da ta ƙare sai jiki ya dogara ga kitse, shi kuwa kitse a hankali yake sakin ƙarfi. Nan ne ƙafa ke yin nauyi, kai ya yi dum, ido ya fara gani dishi-dishi, mutumin da ɗazu yake wuce jama'a yana ɗaga musu hannu ya koma ja da ƙafa a gefen titi. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan yaudara, tun a lokacin shiri. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyin gaɓɓai sai sun ɗauki watanni. Saboda haka wajen mako na biyar ko na shida sabon mai gudu zai ji numfashinsa ya buɗe, ya ga kamar zai iya ninka abin da yake yi. Ya ninka. Bayan kwana goma ƙwauri ya fara zogi, ko gwiwa ta kumbura, ko dunduniya ta ƙi takuwa da safe. Da yawan masu niyyar fanfalaki a nan labarinsu ke ƙarewa, ba su ko ga ranar gasar ba.

Mutanen Ketare sun san wannan ilimi sarai, sai dai a kan shanu suka san shi. A fita bakin gari da bazara, kafin ruwan shuka, a kalli mai shanun huɗa yana horon sabon sa. Bijimin ya ƙoshi, ya sha harawa da dusa duk rani, wuya ya cika, ƙarfi har ya yi masa yawa. Amma ba mai hankalin da zai ɗaura masa garma ranar farko. Sai an huda hanci an sa igiya, ya saba da a ja shi ya bi. Sannan a aza masa karkiya, a haɗa shi da tsohon sa wanda ya san aiki, a yi ta zagayawa da su ba komai a bayansu. Sabon ya yi tutsu, ya zabura gaba, ya fizga gefe, wani lokaci ma ya kwanta ya ƙi tashi. Tsohon kuwa yana takunsa ɗaya-ɗaya, karkiyar na dawo da ɗan'uwansa kan hanya. Bayan kwanaki a ɗaura musu gungumen ice su riƙa ja a fili. Sai wuya ya yi kanta, kafaɗa ta saba, sannan garma za ta shiga ƙasa, ita ma 'yan kunyoyi kaɗan. Da rana ta ɗaga mai shanun zai kwance su ya kai inuwa, ko da saura kunya goma gonar ta ƙare. In ka tambaye shi dalili zai ce maka, idan wuyan sa ya yi gyambo a farkon damina to an yi asarar daminar duka, kuma san da aka gallaza wa yana sabo ba ya sake son ganin karkiya.

Abin lura a nan, mai shanun bai ƙara wa san ƙarfi ko ƙanƙani ba. Da ƙarfinsa ya zo. Aikin mutumin shi ne ya rarraba ƙarfin nan bisa kwanaki, ya kuma san lokacin kwancewa. Abin mamaki, dattijon da ke yi wa dabbarsa wannan haƙuri, shi ne zai ga ɗansa ya sayi kambas yau, gobe ya ce kilomita ashirin zai yi, sai ya ce masa: "Namiji!" Mun fi yaba mai ingizawa a kan mai tsawatawa, a wasa da sana'a da karatu duka.

A Abuja da Legas akwai masu sana'ar horar da mutum shi kaɗai, a biya su duk wata. A garuruwanmu ba su da wannan suna, amma ba a rasa wanda zai iya tsayawa a matsayinsu: malamin wasanni na makarantar sakandare, ko tsohon soja da ya yi tsere a bariki, ko kocin ƙungiyar ƙwallon gari in yana da son koyo. Abin da ake bukata a wurinsa bai da tsada: keke, agogo, littafin rubutu, da bakin da zai iya cewa a'a. Wanda ya riga ya saba da ɗan gudu, shirin fanfalakinsa na farko yakan ci wata huɗu zuwa biyar. Wanda bai taɓa yi ba, shekara guda ba ta yi masa yawa ba: ya fara da kilomita 5, ya kai 10, ya gwada rabin zango mai kilomita 21, sannan a yi maganar babban. A mako gudu uku ko huɗu, ɗaya daga ciki dogo, sauran ranakun hutu ne ko ɗan motsa gaɓɓai. Dogon nan ake ta ja a hankali. Masu horarwa da yawa suna bin ƙa'idar kada jimillar mako ta ɗara ta makon da ya wuce da fiye da kashi ɗaya cikin goma, kuma bayan an hau mako uku sai a sauko a na huɗu don jiki ya gyara kansa. Gudu mafi tsawo a duk shirin yakan tsaya a kilomita 30 ko 32. Ba a cika 42 a wurin horo, ana barinta sai ranarta.

Yadda koci nagari ke auna gudun yaronsa ma abin kallo ne. Yana bisa keke a gefensa, sai ya ja shi da hira: nawa aka sayar da waken suya kasuwar jiya, wa ya ci wasan daren jiya. In yaron ya ba da amsa cikakkiya yana gudu, to takun ya yi daidai. In amsar ta fito guntu-guntu da haki, sai ya ce ya sassauta. Mafi yawan gudun shiri da irin wannan taku mai sauƙi ake yinsa, abin da saurayi mai ji da kansa ke ganin raini ne, don yara 'yan makaranta ma suna iya wuce shi. Idan aka kai inda aka yi alkawari, nan ake yin ta.

"Koci, wallahi ban gaji ba. Bari in ƙara ko biyu ne."

"Na san ba ka gaji ba, shi ya sa na ce ka tsaya. Je ka sha ruwa, jibi mu haɗu."

Sannan ya buɗe littafi ya rubuta: kwanan wata, nisa, minti nawa, barcin jiya, inda ke ciwo. Manhajar waya tana iya ba mutum jadawali, kuma ba laifi a yi amfani da ita, amma ba ta ganin ya fara ɗingishi da ƙafar hagu, ba ta san jiya ya kwana a gidan biki ba.

Wani zai ce kakanninmu sun taka daga Katsina da Kano har Gwanja sayen goro, wasu har Makka a ƙasa, wa ya horar da su? Sun taka, amma watanni suka yi suna yada zango, kuma ayari bai taɓa tashi ba madugu ba.

Wani kuma zai kawo Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci fanfalakin Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Labarin da ake so a ji shi ne na talakan Afirka da ya fito daga ƙauye ƙafa ba takalmi ya kunyata Turawa. Abin da ake tsallakewa shi ne Bikila sojan fadar Sarki Haile Selassie ne, kuma yana da mai horarwa, Onni Niskanen, mutumin Suwidin, wanda ya daɗe yana aiki da 'yan tseren Habasha. An ruwaito cewa kafin ranar gasar sai da su biyun suka bi hanyar suka duba ta, suka zaɓi wurin da Bikila zai saki gudu, daf da ƙarshe. Har zuwa wurin kafaɗa da kafaɗa yake da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko, yana riƙe da kansa. Rashin takalmin ma ba bugun ƙirji ba ne: ya saba gudu haka tun a gida, wanda aka ba shi a Rum kuma bai zauna masa ba. Bayan shekara huɗu ya sake ci a Tokyo, wannan karon da takalmi. Eliud Kipchoge na Kenya kuwa tun yana matashi yake hannun mutum ɗaya, Patrick Sang, wanda shi ma ya ci lambar azurfa a Olamfik na 1992. Kipchoge ya zama zakaran duniya a tseren mita 5,000 a 2003, amma bai shiga fanfalakinsa na farko ba sai 2013 a Hamburg. Shekara goma ke nan zakaran duniya yana jiran lokaci. Shi ne daga baya, a Oktoban 2019 a Vienna, ya gama zangon cikin ƙasa da awa biyu a wani gwaji na musamman. An san shi da rubuta kowane horo a littafi, kuma abincin sansaninsu na Kaptagat ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, tuwon masara ne da ganye da wake da shayi.

Ɗan Ketare yana da nasa lissafin da ba ya cikin jadawalin kowane Bature, nan ne kuma koci ɗan gida ya fi amfani. Wanda ke nufin gasar Fabrairu, shirinsa zai faɗo daga Oktoba zuwa Janairu, wato tsakiyar kaka. Yaron da ya wuni yana karyar masara ko yankan dawa ya riga ya yi horon ranar, ɗora masa kilomita 15 a kai zalunci ne. Dole a lissafa gona cikin jadawali. Sannan hunturu: ƙura na cika ƙirji, iska a bushe, gumi na bushewa tun bai zubo ba, mutum ya yi ta rasa ruwa bai sani ba. Legas kuwa akasin haka take. Iskarta a jiƙe, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa, takun da ya yi wa mutum daɗi cikin sanyin Disamba a ƙasar Katsina zai iya kwantar da shi a tsakiyar hanya. Koci mai hankali zai rage masa buri tun daga gida. Azumi kuma yana iya faɗowa cikin watannin shiri, don yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Mai azumi ya mayar da ɗan gudunsa bayan shan ruwa, ya ajiye dogon zango sai bayan salla.

Sai maganar da ba a so a yi amma dole. A yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Kankara a Disambar 2020, ba a cewa yaro ya miƙe hanyar daji da duku-duku shi kaɗai. Kai, a garin da ya sha jin harbi da dare, ganin namiji yana sheƙa gudu da asuba kaɗai ya isa ya sa mata su fara tattara yara. Saboda haka a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, a jira gari ya waye, a fita a ƙungiya, a yi ta zagaya filin makaranta ko hanyar cikin gari. Zagaye hamsin a fili ɗaya yana da gundura, amma ƙafa ba ta san bambanci ba.

Ba duk mai usur ne koci ba. Akwai wanda abin da ya sani kawai gwale-gwale: tsallen kwaɗo, tsawa, gorin ragwanci, in yaro ya yi amai ya ce yanzu aka fara aiki. Irin wannan ya fi rashin koci illa, don yaro yana jin kunyar gaya masa inda ke ciwo. Ana gane nagari tun ranar farko da tambayoyinsa. Zai tambayi ko akwai sikila a gida, ko an taɓa auna jini, ko an taɓa suma a filin ƙwallo, ya kuma tura mutum asibiti a duba shi kafin a fara. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro zai hana shi fita, ko da ya rantse ya ji sauƙi. Kuma ba zai yi shiru a kan ƙwaya ba. Kowa ya san yadda wasu 'yan ƙwadago ke haɗiyar tramol don su wuni suna aiki ba su ji gajiya ba, kuma ba abin mamaki ba ne mai shirin gudu ya ce bari ya taɓa. Ciwo shi ne kaɗai hanyar da ƙashi ke sanar da mai shi cewa ya kusa tsagewa. Wanda ya kashe jin ciwo zai ci gaba da taka ƙafar har ta lalace. Ban da haka, tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tramol a lokacin gasa.

Wuri mafi wuya tsakanin koci da yaronsa shi ne makonni biyu ko uku na ƙarshe. A lokacin ake rage gudu sosai don tsoka ta warke, ajiyar sukarin nan ta cika. Yaron zai ji ƙafafunsa na ƙaiƙayi, abokai na ce masa ya yi sanyi, zuciya na raya masa ya fita ya gwada kansa sau ɗaya. In ya fita, abin da ya tara ya zubar. Ranar gasa kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ba sabon takalmi, ba sabuwar riga, ba abincin da ciki bai sani ba. In da dabino da ruwan gishiri da sukari ya saba a dogon gudunsa, su zai riƙe. Ruwa a kurɓa kaɗan-kaɗan a kowace tasha, don ɗurawa fiye da kima ma yana da haɗari. Da an busa, dubban mutane za su kwasa a guje kamar an ce kilomita ɗaya ce, kiɗa na tashi, jini na tafasa. Wanda ya saba jin "sassauta" wata biyar shi ne zai iya barin su su wuce. Zai tarar da da yawansu a kilomita 32, wasu a zaune a bakin kwalbati.

'Yan Najeriyar da ke taɓuka abin kirki a wannan gudu galibi daga Filato suke, musamman wajen Pankshin. Tsaunuka da sanyin ƙasarsu sun taimaka, amma ba su kaɗai ba ne. A can yaro yana tasowa ya ga na gaba da shi suna gudu, ya sami wanda zai bi a baya, akwai kuma masu horarwa da suka san aikin. Okpekpe ƙaramin gari ne a jihar Edo, amma tun 2013 yake shirya tseren kilomita 10 da ke jawo 'yan tsere daga ƙasashen waje. Kaduna ma ta shirya nata na kilomita 21 a 2020.

Kiranmu ga shugabannin ƙananan hukumomin Kankara da Faskari da Sabuwa bai kai nan ba. A auna kilomita 5 da 10 a cikin gari inda ake da tsaro, a sa rana ɗaya a shekara bayan an gama kaka, a yi rukunin 'yan makaranta da na manya, a tanadi ruwa da ma'aikacin lafiya a hanya. Kafin a buga riguna da hotunan 'yan siyasa, a fara tura malaman wasanni na makarantunmu kwas su koyi horar da masu dogon gudu. Samari masu ƙarfi muna da su a kowace unguwa, masu horar da su ne ba mu da su.